Mai Tarina, Ka Faɗa wa Manaja

Zuwa ga Mai Tarina, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta ƙwalle, ruwan randa bayan doguwar tafiya, mutumin da duk duniya babu wanda ya kai shi shiga raina, babu kuma wanda ya kai shi ƙure mini haƙuri.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewarka har kewar ta gaji da ita. Ka nemi kujera ka zauna, don wannan maganin ba a tsaye ake shan sa ba. Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban motar kamfaninku. Na lura duk ranar da na ɗauko wannan magana a waya, sai sabis ya lalace a wajenka, kai kaɗai a duk garin. Takarda ba ta yankewa, shi ya sa na koma mata.

Shekara uku ke nan, hasken gidana, tun da aka mayar da kai da Manajanka can, tafiyar awa tara tana tsakaninmu. Kai kana can kana ƙirga kwalaye a sito, ni ina nan bayan kantar kemis ina miƙa wa mutane magani, nawa ciwon kuwa babu shi a kan kowace kanta. Sai Allah ya dube mu, mai kula da siton reshenku na garin nan ya yi ritaya. Minti ashirin ne a ƙafa daga ƙofar gidanmu, na auna da kaina. Ka nemi gurbin, aka yi maka tambayoyi, shugabar reshen ta ce kai take so. Me ya rage? Sa hannun Manajanka a kan fom ɗaya tak, kafin sha biyun ranar Alhamis. In lokacin ya wuce, wanda ya zo na biyu za a ba. Shi wanda ya tashi daga kujerar shekara goma sha ɗaya ya yi a kanta. Ka lissafa da kanka, tunda lissafi aikinka ne.

Mako uku fom ɗin nan yana aljihun rigarka. Ya sha zufa, ya sha ninki, wallahi na tabbata ya fi ni sanin bugun zuciyarka yanzu, har kishinsa nake yi. Sau uku kana shiga ofishin Manaja, kai da bakinka ka ba ni labari. Na farko ka same shi yana zuba wa shukar tagarsa ruwa, ka karɓi butar ka ƙarasa masa, ka fito. Na biyu ka shiga da niyyar magana, ka ɓige da ciro takardar da ta maƙale a firinta. Na uku kuwa, shi ne wanda ya kusa sa ni ba wata tsohuwa maganin da ba nata ba: ka shiga neman sallama, ka fito da makullan sabon sito a hannu, har da godiya. Haba, Mai Tarina! Wanda ya je sauke kaya, ya dawo da ƙari a ka, me za a kira shi?

Na san abin da za ka ce. Za ka ce kana jin nauyinsa, shi ya ɗauke ka aiki ba ka san komai ba, shi ya koya maka, shi ya tsaya maka lokacin da aka rage ma'aikata. Duk na yarda. Ban auri butulu ba, kuma wannan kunyar taka tana cikin abin da ya sa na so ka. Amma kunyar da za ta raba mutum da iyalinsa ta tashi daga ado ta koma cuta. Ni ce fa nake hawa kujera in canza ƙwan lantarki. Ni nake zuwa taron iyayen yara ni kaɗai, ana tambayata ko maigidan lafiya, ina murmushi har kumatuna su yi tsami. Rabin durowar kayanka har yau babu wanda ya taɓa, ƙanwata ta roƙi in ba ta ta zuba nata, na hana.

Ka tuna yadda muka fara? Wata bakwai cur kana zuwa kemis duk Asabar kana sayen maganin tari. Kwalba ɗaya, ka biya, ka tsaya kana karanta takardar jikinta kamar za a yi maka jarrabawa, ka sosa ƙeya, ka tafi. Ko sau ɗaya ban ji ka yi tarin ba. Abokiyar aikina tana hango ka daga tsallaken titi sai ta zungure ni ta ce ga majinyacina nan ya iso. Ran da haƙurina ya ƙare, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ka shigo jiƙe sharkaf. Na riƙe kwalbar na ƙi saki, na ce maka, malam, tarin nan naka ba na ƙirji ba ne, ka faɗi abin da ke kawo ka. Ka dube ni, ruwa yana ɗiga daga gashin girarka, ka faɗa cikin kalma uku. Duk zaƙin da na sani a rayuwata daga waɗannan kalmomi ya faro. Amma ka ga, ko a ranar ma sai da aka matse ka.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya da hantsi ina jera magunguna, wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar dattijo ce, a natse. Ya tambaya ko ni ce iyalin mai kula da sitonsa. Na zaci wani abu ya same ka, sai da na dafa kanta. Manajanka ne.

Ya sani, masoyina. Ya sani tun ranar farko. Ashe tsarin kamfaninku shi ne, duk ma'aikacin da ya nemi gurbi a wani reshe, a take kwamfuta take aika wa shugabansa sanarwa, da kwafin duk abin da ya cike. Kai da ka shekara tara a kamfanin, ka san inda kowane kwali yake kwana, wannan ɗaya ce ta wuce ka. Lambata ma a nan ya gani, inda ka rubuta ta a matsayin lambar sabon mazauninka. Duk ranar da kake zuba wa shukarsa ruwa kana haɗiye magana, shi yana zaune yana kallonka, da takardar a durowarsa.

Ya ce mini, 'yata, mijinki zai kashe ni da ladabi. Ya ce sau uku yana tambayarka ko akwai wani abu, sau uku kana cewa babu komai, ranka ya daɗe. Makullan nan ma da gangan ya ba ka, ko nauyinsu zai buɗe maka baki, sai ka sa hannu biyu ka karɓa. Na yi dariya, na kuma ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga nan muryarsa ta sauya. Ya ce ba zai tare maka hanya ba, shi ma ya taɓa zaman nesa da iyali, ya san ɗacinsa. Amma yaron da ya raina da hannunsa shekara tara, ba zai ji labarin tafiyarsa daga bakin kwamfuta ba. Sai ka tsaya a gabansa ka faɗa da bakinka, sannan zai sa hannu. In ba ka zo ba, ba zai kira ka ba, Alhamis ta zo ta wuce.

Ka gani? Mutumin da kake gudun ɓata wa rai da magana, shirunka ne yake ɓata masa rai. Ku biyun nan kun dace da juna, taurin kai a sama, nauyin baki a ƙasa, ni da 'yarka a tsakiya muna jiran gawon shanu.

Af, 'yar taka. Akunmu, wadda ba ta gaji bakinka ba ko kaɗan, haƙorinta na gaba yana girgiɗi kwana goma ke nan. Saura ƙiris ya fita, da gefen baki take tauna burodi. Kakarta ta lallaɓa, na lallaɓa, ta rufe baki da tafin hannu ta ce Abbanta ne zai cire, tunda ya ce ya kusa dawowa gaba ɗaya. Ban san me zan ce mata ranar Juma'a ba.

Don Allah, farin watana, gobe da safe kada ka taɓa butar shuka, kada ka kalli firinta. Ka ajiye makullan a kan teburinsa, ka gode masa yadda ya cancanta, ka ce iyalinka suna buƙatarka. In muryarka ta yi rawa, ta yi. In hawaye ya zo, shi ma dattijon ina jin nasa a kusa suke.

Ni taka ce, ko ka zo ko ba ka zo ba, wannan ka riga ka sani, kuma ina zargin saninsa ne ya sa ka miƙe ƙafa. Zan so ka daga nesa in haka ta kama, har gashina ya yi fari a bayan kantar nan. Amma na gaji da son ka daga nesa. Wancan karon ni na riƙe kwalba na ciro maka maganar daga baki. Wannan karon hannuna ba zai kai ba, tafiyar awa tara ce.

Taka har ƙarshen numfashi, mai fushi da kai, mai jiran ƙarar takalminka a bakin ƙofa,

Mai Maganinka