Kawuna ya rasu, amma ina karɓar fanshonsa na Turai

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don girman Allah a ɓoye sunana. Jama'a kuma ku yi mini a hankali, ba zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Ni malamin firamare ne a Rogo Sabon Gari. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya shekara da yawa yana aiki a wata masana'anta a Turai. Da girma ya kama shi ya dawo gida Falgore, ƙasar tana turo masa fansho duk wata. Da yake ni ne ɗan boko a dangi, katin banki da layin wayar da masu fanshon suke nemansa duk suna hannuna. Duk shekara sukan aiko takarda a cike, a haɗa da hoto, a tabbatar musu yana raye.

Shekara uku ke nan da rasuwarsa, ban sanar da su ba. Da farko cewa na yi bari a gama zaman makoki, sai wata ya ƙare kuɗi suka shigo, na ce wannan ɗaya kawai. Da takardar shekara ta zo, sai na tuna da wani dattijo makiyayi a rugar bayan gari, muna ce masa Baffa, wanda tun kawu na da rai ake rikita su a kasuwa don kama. Na sa masa hular kawu, na ce rajistar rigakafin shanu ce, na ɗauke shi hoto, ya dangwala yatsa. Har addu'a ya yi mini. Wane irin mutum ne ni?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna, matar kawu. Da ta tambaye ni, na ce mata an rufe fanshon tun ranar da ya cika. Ta ce, "Ba komai ɗana, dama rabonsa ne, ya tafi da abinsa." Daga baya na gani a takardunsu cewa da a ce na kai rahoton rasuwar, da tana da kason matar mamaci har ƙarshen ranta. Awakinta ta sayar ɗaya bayan ɗaya tana sayen maganin hawan jini, ni kuwa na yi wa gidana rufin kwano. In na kai mata tiya biyu ta gero ta yi ta sa mini albarka, in kasa haɗa ido da ita.

Makon jiya wasiƙa ta zo. Bana ba hoto suke so ba. Ƙarshen watan nan za su kira ta bidiyo su yi magana da kawu da harshen ƙasarsu, in ba a same shi ba, su miƙa maganar ga ofishin jakadancinsu ya bincika. Jiya na hau babur na nufi rugar Baffa, ban ma san me zan ce masa ba. Na tarar da shi kwance a gindin tsamiya, duk ya rame. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Malam, tun ina yaro ake yi wa shanunmu allura, ba a taɓa neman hoton mai su ba. Shiru na yi in ga inda za ka tsaya." Ya ƙara da cewa, "Ciwon nan ban ga zai bar ni in ga kaka ba, kuma ba zan shiga kabari da sunan wani a kaina ba. Ka je ka faɗa wa matar kawun naka. In Juma'a ta zo ba ka je ba, zan sa a kai ni gaban liman in faɗa da bakina."

Yau Talata. In na faɗa wa Inna, mahaifiyata za ta ji abin da na yi da sunan ɗan'uwanta, ga zuciyarta ba ƙarfi. In na rubuta wa mutanen can, aikina ya tafi, wataƙila har gidan yari, kuma yatsan da ke kan takardun na Baffa ne, bawan Allah da bai ci ko sisi ba. In na yi shiru, Juma'a na tafe.

'Yan'uwa, saura kwana uku. Me zan yi?