Layin da Inna Ta Haddace

Litinin, 6 ga Oktoba

Sati biyu da zuwana ƙasar nan, har yau ba ni da asusun banki. Shugabar sashenmu a asibiti ta ce in ban kawo lambar asusu kafin ashirin ga wata ba, albashina sai wata mai zuwa. Na je banki, matar da ke kan tebur ta ce sai da lambar waya ta ƙasar nan. Na tsallaka titi zuwa shagon waya, mai shago ya ce layin da ake biya wata-wata sai da katin banki. Na tsaya a tsakaninsu ina dariya ni kaɗai kamar zautacciya. Ba wanda ya ko kalle ni.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ashe akwai layin sa kati, wanda ba ruwansa da banki. Mai shago ya jero mini kala uku, ya yi ta zuba bayani, na nuna na tsakiya don kada ya gane ban gane ba. Da ya juya wayata sai ya ce, "Sim ɗaya take ci. In cire na ciki?" Na ce ya bari, zan cire da kaina.

Na cikin shi ne layin da Inna ta haddace, shekara tara ke nan. Ba ta iya karanta suna a waya ba, lamba take dannawa ɗaya bayan ɗaya tana faɗa a baki. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta yi mini filashin. Sau ɗaya, ta kwana lafiya. Sau biyu, in kira ta. Ranar da zan taho kowa ya yi mini nasiha har na gaji, ita kuwa abu ɗaya ta ce: "Kada ki canza mini lamba."

Asabar, 11 ga Oktoba

Na samo dabara. Layin gida ya kwana a waya. Filashin na shigowa, in zare shi da tsinken ɗankunne, in sa na nan, in fita aiki. Wanda aka cire yana nannaɗe a takarda cikin aljihun jaka. Yau ya suɓuce ya shige ƙarƙashin gado, na yi rarrafe da kayan aiki a jikina har na lalubo shi.

Talata, 14 ga Oktoba

An buɗe asusu. Doguwa, abokiyar aikina da muke raba magani tare, ta so in yi irin nata bankin, wanda ba shi da ofis, komai a waya, ba a cirar ko sisi. Na ƙi. Na zaɓi mai ƙofa da kujera, duk da yana yankar wani abu duk wata. Ta tambaye ni dalili, na ce tsaro. Gaskiyar ita ce ina son wurin da zan je in zauna a yi mini magana.

A takardar akwai gurbin wanda za a nema in wani abu ya same ni, mai lambar nan ƙasar. Na bar shi fari.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Lahadi ba ta da daɗi a ɗakin nan. Taga ɗaya, tana kallon bangon maƙwabta. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Na kira Inna da sabon layi, na ce bari in koya mata shi a hankali. Muka kai lamba ta biyar, ta ce, "Har yanzu da saura? Ke, kaina ba buhu ba ne." Yaya ya karɓi wayar ya ce zai rubuta mata a bango da manyan baƙi. Na ji ta daga gefe tana cewa, "Da wane idon?" Muka yi dariya duka. Da na ajiye waya ɗakin ya yi tsit, na yi kuka kaɗan.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na kwafsa. Filashin bai zo da wuri ba, na zauna ina jira da layin gida a ciki. Ashe a lokacin asibiti na ta nemana a ɗaya layin, an dawo da aikina safe. Na isa a makare da awa biyu. Shugaba ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Lambar da kika ba mu dole ta kasance a kunne." Doguwa ce ta riƙe mini marasa lafiyata.

Daga yau layin nan ne zai kwana a waya. Na gida minti goma kafin in fita. In Inna ta kira yana kashe, kamfani na turo saƙo cewa an neme ni. Saƙon ma ya isa. Ai dai ta kwana lafiya ke nan.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Albashi ya shigo. Tun tuni na ce ranar da ya zo zan sayi ƙaramar waya don layin Inna kawai, har na ga wata a shagon. Na dawo da takalmin aiki, bargo da butar dafa ruwa. Wata mai zuwa in Allah ya so.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Matar banki ta gaishe ni da sunana, ta faɗe shi kusan daidai.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ina neman katin bas a jaka hannuna ya taɓa 'yar takardar da layin gida ke ciki. Na tsaya ina lissafi. Tun Litinin ban sa shi ba. Aikin safe ne ya yi yawa, kuma ranar Alhamis mun tsaya shan shayi da su Doguwa. Duk da haka, kwana shida.

Na sa shi nan take. Saƙo uku suka shigo: Talata, Laraba, Alhamis. Sau ɗaya-ɗaya. Na jira na Juma'a da Asabar da na yau, ba su zo ba.

Na kira a guje. Tana lafiya, tana tsintar wake. Na ce, "Inna, kwana uku ba ki yi mini filashin ba." Ta ce matar cikin waya ce kullum ke ce mata a kashe yake, sai ta ce bari ta ƙyale ni. "Na ce wa yayanki kin fara samun wuri ke nan. Ai haka ake so." Ba fushi a muryarta ko kaɗan, shi ne ya fi cin raina. Na rantse mata gobe zai kasance a kunne. Ta ce to, Allah ya yi albarka.

Gobe kuma ni ce kan kira, asibiti na iya nemana tun asuba. Na mai da na nan. Jibi zan sa nata.