Ƙurjin Fara da nawa

Litinin, bayan isha'i

Yau Baba bai je gona ba saboda taguwarsa, wato raƙumarsa Fara. Kumburin gindin wuyanta ya ƙi tafiya tun damina. Baba ya hau babur har Filinge ya ɗauko likitan dabbobi.

Likita ya lalluba wurin, ya soka allura, ya jawo mugunya mai kauri ya rufe a kwalba. Ya ce sai an duba a Yamai za a san ciwon, amma a ware ta daga sauran raƙuma kafin ƙurjin ya fashe.

Baba yana rungume da kanta yana cewa, "Sannu, ɗiyata, sannu." Ni bai taɓa yi mini wannan muryar ba. Wallahi na ji haushin Fara.

Ni ma da ƙurji a hammatata, tulu da ƙyar nake ɗauka. Na so in gaya wa likita, kunya ta hana ni. Baba ya juyo ya ce, "Ke Hadiza, tsayuwar me kike? Kawo ruwan ɗumi da gishiri."

Na kawo, ya gasa mata wurin. Wanda Fara ta rage a kwano, da shi na gasa nawa.