Na Ce Kada Su Duba Makina, Ashe Yana Hannunsu

Madam Odette, don Allah ki taimake ni. Mutumin da ya ɓoye abin da an riga an gani, maƙaryaci ne ko wawa ne kawai? Mako guda ke nan tambayar nan na cina, abinci ma ba ya wucewa.

Shekarata ashirin da ɗaya. Shekara uku da zuwana ƙasar nan daga garinmu Jacmel, ina zaune a unguwar Mattapan wurin ƙanin babana, Tonton Wilner. A gida aji shida na firamare na tsaya. A nan ne na shiga ajin manya, da ƙyar na samu takardar da ke matsayin ta sakandare. Aikina wanke kwanuka a wani otal. Amma ina waƙa, wannan kam na iya. Madam Célestin, mai koyar da mawaƙan cocinmu, ta ce irin muryata mai kauri ba a ko'ina ake samunta ba, ita ta matsa min in nemi sashen kiɗa da waƙa na wata jami'a. Na tura musu bidiyo. Suka ce in zo Asabar ta sama in rera a gabansu. Ranar da saƙon ya zo, a bayan kicin na zauna a kan bokiti ina ta karantawa.

To ga inda na ɓata. Lokacin da na yi rajistar jarrabawar SAT ta neman shiga jami'a, an ba da gurbi huɗu, wai ka sa sunan makaranta a tura mata sakamakonka kyauta. Ni kuma na ga an ce kyauta. A gidanmu ba a barin kyauta ta wuce. Na rubuta sunan jami'ar nan tun ban shiga ɗakin jarrabawa ba. Da sakamako ya fito, ɗari takwas da talatin na ci, cikin dubu ɗaya da ɗari shida. Wani rubutu a kan ƙudan zuma na tsaya ina karantawa har sau uku, lokaci ya ƙare min. A shafin jami'ar kuwa na ga yawancin ɗalibansu sun haura dubu ɗaya da ɗari biyu.

Da na zo cika fom, akwai wani ɗan akwati, wai idan ba ka so a duba makinka ka danna. Madam Célestin ta ce danna, ɗana, ba dole ba ne a wurinsu. Na danna. Na manta sam da gurbi huɗun nan. Ran Litinin na buɗe shafina, sai ga koriyar alama: an karɓi sakamakon jarrabawa. Wato yana hannunsu tuntuni. Kuma a ƙarshen fom ɗin na sa hannu cewa duk abin da na faɗa gaskiya ne.

Tonton Wilner da ma Maestro, wato gwanin waƙa, yake ce min don tsokana, yanzu na koma Maestro Ɗari Takwas. Amma da na nuna masa wannan bai yi dariya ba. Ya ce a ƙasar nan za ka zagi shugaban ƙasa ka kwana lafiya, amma ƙarya a fom ita ke sa a tattara mutum a mayar da shi inda ya fito. Ya ce in janye tun ba su gano ba, in zo ya koya min tuƙin motar kaya. Madam Célestin ta ce Wilner bai san bambancin waƙar coci da odar mota ba, in rabu da shi. To amma ita ma ba a nan ta yi karatu ba, ta ina ta sani?

Ni ba na so a taɓa takarduna na zaman ƙasa. Kuma ba na so in janye. Na yi tunanin in na shiga, kafin in rera komai, in fara gaya musu makina da bakina, in ba su haƙuri. Har na gwada a gaban madubi. Ran Lahadi a coci muryata ta maƙale, abin da ba ta taɓa yi ba. In je ko kada in je? Dole in tafi yanzu, hutuna ya ƙare, kwanuka sun taru, ga shugaban kicin yana leƙo ni.

Mai Murya a Mattapan

Ɗana Mai Murya,

Ba ka yi ƙarya ba. Akwatin da ka danna bai tambaye ka ko ka zauna jarrabawa ba. Tambayarsa ita ce me kake so a auna ka da shi, kuma su da kansu suka ba ka zaɓin. Ba kai ne na farko da gurbin kyauta ya ruɗa ba.

Sai dai ba na so ka tsaya a kan maganata, domin kowace makaranta da tsarinta. Gobe da safe ka kira ofishin ɗaukar ɗalibai. Ka faɗi sunanka, ka ce makinka ya riga ya iso amma ka zaɓi kada a duba, shin za a ajiye shi gefe? Ka kuma tambaya ko ana buƙatarsa wajen tallafin karatu, da ko suna neman shaidar iya Turanci daban. Ka roƙi su aiko maka da amsar a rubuce. Takardar nan ka kai wa Tonton Wilner.

Kada ka ji haushinsa. Gaskiyarsa ce cewa fom ba abin wasa ba ne, kuma tsoron da ya riƙe shi ne ya tsare ku har yau. A wannan karon dai ya tsorata da abin da babu. Ita ma Madam Célestin akwai abin da ba ta gaya maka ba: ɗari takwas da talatin ba ya cewa komai a kan muryarka, amma yana cewa wani abu a kan karatunka. Idan suka ɗauke ka, za ka tarar da littattafai da rubuce-rubuce suna jiranka. Ka koma ajin manyan nan tun yanzu, ka ci gaba da karatu, ko sun ɗauke ka ko ba su ɗauka ba. Ban yi maka alkawarin gurbi ba, masu nema suna da yawa. Amma wanda ya janye ya riga ya ba kansa amsar da su ba su ba shi ba.

Jawabin madubin nan kuwa, ka bar shi a madubi. Mutanen da za su zauna a gabanka ran Asabar sun ga bidiyonka suka ce ka zo, kunnuwansu suka kawo. Idan wani ya tambayi makinka, ka faɗa kai tsaye, ba haƙuri, ba sunkuyar da kai. Idan ba a tambaya ba, ka faɗi sunanka da sunan waƙarka, ka ja numfashi, ka fara.

Ka ci abinci, ka yi barci, ka huta da muryar kwana ɗaya kafin tafiya. Allah ya buɗe maka ita ran Asabar, ya sa su ji abin da mutanen cocinku suka daɗe suna ji.

Madam Odette