Layar da aka yanke

Garwa, daren Talata

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Yau Dokta Salamatu, ɗaya cikin waɗanda nake koya wa aikin likitan yara, za ta sa wa wani jariri ƙarin ruwa, sai ta yanke layar hannunsa ta jefa a kwandon shara. Kakarsa, wata tsohuwa daga unguwar Jambutu, ta miƙe tsaye. Ta fara ɗaure kayanta za ta tafi da shi, ga gudawa ta tsotse yaron.

Na tsuguna na tono layar, na goge ta, na ɗaura masa a ƙafa. Na ce, "Iya, a yi mana haƙuri. Me ake ba shi a gida?" Sai ta zauna, ta ciro kwalbar jiƙon sassaƙe, alhali ɗazu ta ce wa Salamatu ba ta ba shi komai. Jiƙon ne ya kamata mu hana, kuma ta yarda ta daina.

Salamatu ta ce, "Dokta, ba a koya mana wannan a fakulte, can jami'a, ba."

Ban yi mata faɗa ba. Ni ma na taɓa yanke layar wani yaro ina sabon likita. Ranar babu wanda ya tsuguna, uwar ta goya ɗanta ta fita. Har yau ban san ko ya rayu ba.