Kwamfutar da Na Zaɓa da Kaset ɗin Baba

Tudun Wada, Gusau,
14 ga Satumba.

Zuwa ga Yayana Abubakar Sadiƙ,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Bara'atu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka na Fatakwal. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Waɗanda suka zo daga 'Yankuzo kuma sun ce an fara yankan gero, dawa ma ta yi kyau, alhamdu lillahi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Yaya, sau uku kana tambayata labarin kwamfutar Inna ina ce maka komai ya yi daidai, kuma ba gaskiya na faɗa maka ba. Bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna hutun da ka zo shekara huɗu da suka wuce, ka zauna ka juye kaset shidan nan na marigayi Baba cikin tsohuwar kwamfutata, waɗanda ya naɗa da rikodarsa ranar gayya a gonarsa, makaɗan noma suna ta wasa shi. Da kwamfutar ta tsufa, kai ka ce in nemo wadda za ta zauna dindindin a ɗakin Inna, a haɗa ta da amfilifayar Baba da manyan sifikun nan biyu na katako, ta riƙa saurare duk lokacin da ta so. Ka ce in je wurin Malam Amos, mai gyaran kayan sauti a bakin kasuwa, wanda ke kula da na cocinsu, in bi shawararsa.

Na je. Ya nuna mini wata 'yar kwamfuta kamar gwangwanin kifi, ba allo, ba fanka a cikinta. Ya ce ba ta ƙara, ba ta cin wuta, batirin solarmu zai riƙe ta, kuma zai haɗa mini da ɗan akwatin da ke tace sauti kafin ya shiga amfilifaya. Ya ce zai saita ta yadda Inna za ta danna abu ɗaya kawai kiɗa ya tashi. Amma ni idona yana kan wata siririyar laftof mai ruwan azurfa da ke cikin gilashi. Wallahi, Yaya, ba Inna nake tunani ba a lokacin. Kaina nake hangowa na buɗe ta a ofishin malamai kowa yana leƙowa. Malam Amos ya ce fankarta na da ƙara, kuma idan tana caji za a ji ƙugi a sifika. Ya ƙara da cewa ranar da na tafi da ita makaranta, da me Inna za ta saurara? Sai na ce masa shi dai yana neman inda zai sauke kayan da suka ƙi fita ne. Mutumin da ya isa ya haife ni na faɗa wa haka, a gaban mutane. Da na miƙa masa tsohuwar kwamfutar a yi musaya da laftof ɗin, sau biyu yana tambayata ko na kwashe duk abin da ke ciki. Na ce masa ni malama ce, na san abin da nake yi, komai na kan filashi.

Da na isa gida na jona, ƙugin da ya faɗa shi ya fara tarye ni. Na sa filashi, ba komai a ciki sai takardun jarrabawar ɗalibai. Ashe ban taɓa kwashe kiɗan ba, zato kawai nake yi. Ranar Asabar ce da yamma, shagon bai buɗe ba sai Litinin, kuma kunyar abin da na faɗa masa ta sa ban koma ba sai Laraba. Na tarar ya riga ya goge tsohuwar kwamfutar, ya sayar wa wata ɗaliba. Ko gori bai yi mini ba. Shi da kansa ya nemo yarinyar, ya yini yana ƙoƙarin dawo da abin da aka goge, bai samu ba.

Sai na tuna kaset ɗin ainihi. Bayan tafiyarka na zuba su a leda tare da tsofaffin kaya na aika wa Goggo Shafa'atu, ƙanwar Baba, a Kwatarkwashi, na ce tarkace ne mun gama da su. Shekara uku rabona da gidanta, ko da ta kwanta rashin lafiya bara waya kawai na yi. Haka na shiga motar Kwatarkwashi, na yi sallama a ƙofarta ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta rungume ni, ta dama mini fura, ba ta tambayi abin da ya hana ni zuwa ba. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta buɗe kwalla ta ciro su, naɗe cikin sabon ɗankwali. Biyar lafiyarsu ƙalau. Na shida ta ce shi ta fi saurare, har rediyonta ta cinye zaren bara, ta yi kuka kamar ranar da aka yi rasuwar Baba.

Malam Amos ya karɓi laftof ɗin ya ba ni wadda ya fara nuna mini, bayan na ba shi haƙuri a gaban mutanen da na yi masa rashin kunya. Ya juye biyar ɗin, ya liƙa abin da zai liƙu na na shida. Yanzu sauti tas yake fita, har tarin masu huɗa ana ji. Na ajiye kwafi uku, ɗaya a gida, ɗaya wurin Goggo, ɗaya zan aiko maka. Amma tsakiyar na shidan ta tafi, wurin nan da Baba ke tsayar da makaɗa yana dariya, ya ƙwala wa Inna kira ta kawo wa mutane kunu. Nan ne kaɗai muryarsa take.

Kullum bayan la'asar Inna takan kunna. Idan an kusa wurin sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta karkata kai. Kiɗan ya yi tsalle ya wuce. Ta kalli sifika jim kaɗan, sannan ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ba ta tambaye ni ba har yau, ni kuma ban faɗa mata ba. Na yi niyyar ranar Juma'a in durƙusa a gabanta in faɗa mata da bakina, don haka ina roƙonka kada ka riga ni. Ka yafe mini, Yaya. In akwai wata tsohuwar waya ko filashi a cikin kayanka, don Allah ka duba, ko Allah zai sa ka taɓa ajiye kwafin na shidan.

Ka gaishe mini da Anti Bara'atu, da Khadija da Hajara. Inna na sa muku albarka. Kawu Sabiru na Tsafe yana gaishe ka, Goggo Shafa'atu kuma ta ce in ka zo kada ka wuce ta a hanya. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Juwairiyya.