Harshen da Na Shanya a Kan Katanga

Litinin, 3 ga Yuni
Harshen da nake ƙirƙira a ɓoye yana da kalmomi, amma ba ƙa'ida. Na je ɗakin karatu, na tsaya gaban kanta, bakina ya ƙi buɗuwa. Anti mai ba da littattafai ta ce, "'Yata, ni ba duba nake yi ba, faɗi." Da ƙyar na ce ina son tsohon harshe, wanda bai yi kama da namu ba.

Ta ɗauko biyu. Mai kaurin nahawun mutanen Sumer ne, na tsohuwar ƙasar Iraƙi, siririn kuma kan yadda wasu harsuna ke gina jimla. "Fara da siririn. Mai kaurin nan manya ma ya kora."

Alhamis, 6 ga Yuni
Da mai kaurin na fara. Hotuna kawai na gane. Ashe a kan laka suke rubutu, da tsinke.

Asabar, 8 ga Yuni
Na koma siririn. A harsuna irin na Sumer, wanda ya faɗi da wanda aka kayar shiga ɗaya suke yi a cikin jimla. Wanda ya yi kayarwar kaɗai ake liƙa wa alama. Wa ya fara tunanin haka? Na sa a nawa.

Lahadi, 9 ga Yuni
Na kwaɓa laka, na kwafe kalmomina duka. Na shanya a kan katanga, takarduna a ƙarƙashi don kada ta manne.

Talata, 11 ga Yuni
An yi ruwa ina makaranta. Laka da takardu duk sun zama kunu. Ashe na mutanen Sumer da yawa wuta ce ta gasa su, shi ya sa suka daɗe. Bayanin yana shafin da na tsallake.

Laraba, 12 ga Yuni
Na manta kalmar ƙofa. Idan ban riƙa faɗar sauran ba, su ma za su tafi. Yaya ta same ni ina ƙunƙuni a wajen wanke-wanke. "Ke da wa, aljanunki?" Na gaya mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Can ta ce, "To, ya ake cewa kin fasa kofi?"

Juma'a, 14 ga Yuni
Yaya ta ƙwala mini kira da harshena, a gaban ƙawayenta. Daga bakin famfo na amsa mata, kowa ya juyo. Har wata ta ce, "Au, dama tana da murya?"

Ba wai na daina jin kunya ba ne. Yaya ce ke kwaɓa harshen, dole wani ya gyara mata.